Muna ƙirga kwana bakwai, mun manta da kwana sittin



Duk gidan da aka haihu a ƙasar nan lissafi guda ake yi: yau kwana nawa, saura kwana nawa suna. Tun ranar da aka yanke cibi mai gida ba ya samun barcin kirki, yana juya maganar rago, goro, dabino, shinkafa da kujeru. Akwai wani lissafin kuma da ba kasafai ake jin wani yana yin shi ba, na kwana 60. Dokar état civil ta 1 ga Yuli 2019 ta ba iyaye kwana 60 su kai sanarwar haihuwa. Wanda ya kai cikin wa'adi, ba ya biyan ko dala. Wanda ya bari wa'adi ya wuce, sai ta hanyar alƙali, da shaidu, da jugement, da kai da kawowa.

A namu gani, kuɗin jariri sau biyu yake ɓacewa a gidajenmu. Na farko muna ƙone shi cikin yini guda. Na biyu muna barin shi a biro, alhali haƙƙinmu ne, don kawai babu wata takarda da ba ta ci ko kuɗin kwaryar goro ba. Wanda ke shan wahalar duka biyun kuwa bai iya magana ba tukuna.

Mu da ke aikin rediyo, sanarwar suna ta bakinmu take bi. Iyalan wane a Maraɗi da Tasawa da Kano, da iyalan wane a Damagaram da Yamai da Abijan, suna farin cikin gayyatar ƴan uwa da abokan arziki. Wani lokaci jerin sunayen dangi ya fi labaran duniya tsawo, kuma a ce a maimaita safe da yamma har kwana uku. Ba za mu ce ba ma so ba, da shi gidajen rediyo da dama ke biyan kuɗin wuta. Amma wanda ya kawo sanarwar, sau da yawa in ka dubi fuskarsa ka san bashi ya ciwo. Bayan wata biyu ko uku kuma irin waɗannan mutanen ne ke bugo waya cikin shirin lafiya, yaro na zazzaɓi, an rubuta ordonnance, babu kuɗin saye.

Mu ɗauki ma'aikacin da ke kan mafi ƙanƙantar albashi, wato SMIG, wanda ya koma jika 42. Mu ƙaddara ya sayi rago na jika 70, ba ma babba ba. Buhun shinkafa, mai, kayan miya, itace, goro da dabino na safe, hayar kujeru da bâche, ruwan leda, lemu, turmin zane na mai jego, ɗinki, lalle, kitso, abin da za a miƙa ma maroƙa da ƴan hoto. Kowa ya yi nashi lissafi da farashin kasuwar garinsu. Da wuya ya tsaya ƙasa da albashin wata huɗu. Da magariba masu haya za su zo su kwance bâche su tafi da abinsu, bashi kuwa shi ke zama cikin gida, ya yi ta rarrafe tare da yaron.

In an tambaya sai a ce addini ne. To bari mu duba. Abin da muka taso muna ji a makarantun zaure, cikin Risala, shi ne dabba guda ranar bakwai, ko namiji aka haifa ko mace, a raɗa suna, a aske gashin kai, a yi sadaka. Sunna ce ga mai hali, wanda ba shi da hali ba a ɗora mashi ba. Malaman Malikiyya ma sun karhanta a mai da yankan suna walimar da ake gayyato jama'a, sun fi son a ci a gida a aika ma maƙwabta da mabuƙata. Kowa na iya tambayar limamin unguwarsu ya ji. Ke nan anko da kiɗa da rago na biyu don kar a ce, duk mu muka ɗora ma kanmu. Kalmar da ke cin kuɗinmu ita ce "mi mutane za su ce?" Mutanen nan kuwa ranar da aka kwantar da yaro a pédiatrie ba za ka ga ko rabinsu ba.

Mata za su ce mana, kuma da gaskiyarsu, ku maza ba ku gane ba, biki ai ajiya ce. Wadda ta shekara tana kai ma ƙawaye sabulu da zane da kuɗi, ranar sunanta ne ake mayar mata. Haka ne. Tsarin biki tsohon asusu ne, tun kafin banki ya zo ƙasar nan, kuma mace da dama da kuɗin barka ta fara sana'a. Ba mu ce a kashe shi ba. Abin dubawa shi ne yadda ya koma. Abin da aka kawo maki ana jiran ki mayar da ninkinsa, kuma kafin a kawo ɗin sai kin kashe wajen tarbar masu kawowa. In aka cire kuɗin abinci da na kwalliya daga abin da aka tara, aka kuma tuna cewa kowane jika da ya shigo bashi ne da za a biya a sunan wata, sau nawa ake fita da riba? Mai jego ta zauna da ƙanwarta ko uwar ɗakinta su rubuta a kaye, shiga da fita. Lissafin zai faɗa mata abin da mu ba za mu iya faɗa mata ba.

Wani abin da ke ba mu mamaki shi ne yadda muke ɗaukar haihuwa kamar gobara, abin da ya faɗo ba shiri. Haihuwa wata tara take yi tana sallama. Wanda ya sayi ɗan rago tun ciki na wata uku, ya ɗaure shi a gida yana ba shi dusa da harawa, ba daidai yake da wanda ya shiga kasuwa saura kwana biyu suna ba, dillalai na ganin gaggawa a idonsa. In kuma haihuwar ta faɗo kusa da Layya, sai dai a ce Allah ya kyauta. Mun san akwai masu ƙin sayen kayan jariri kafin ya zo, suna ganin kamar riga Allah ne. To rago ba rigar jariri ba ne, buhun hatsi da aka saya da kaka ma haka. Jika biyu ko uku da aka ware duk wata, a wurin da hannu ba ya saurin kaiwa, su ne kuɗin mota cikin dare ranar naƙuda.

Wannan ke nan game da abin da ke fita. Yanzu ga abin da ya kamata ya shigo, wanda mutane da yawa ba su ma san da shi ba.

Duk mai aikin albashi a kamfani, ko ONG, ko lakwal mai zaman kanta, ko kilinik, ko gidan mai, ko gidan rediyo irin namu, doka ta ce mai aikin ya rubuta shi a CNSS, wadda aka fi sani da Caisse. Mafi yawanmu in an ce Caisse, fansho kawai ke zo mana a rai. Alhali reshen kuɗin iyali ya ma girmi na fansho, tun kafin samun ƴancin kai yake. Ma'aikacin da ya yi wata shida a jere yana aiki, shi da matarsa suna da haƙƙi, haka ita ma mace in ita ce ma'aikaciyar.

Akwai kuɗin ciki, allocations prénatales, 13.500 F, ana biyan su kashi uku, kowane kashi bayan awon da aka ƙayyade. Akwai kuɗin haihuwa, allocation de maternité, 15.000 F, rabi in an haihu, sauran a raba biyu, ɗaya in yaro ya yi wata shida, ɗaya in ya cika shekara. Akwai 10.000 F na allocation au foyer, a kan kowane ɗaya daga ƴaƴa uku na farko na auren fari. Daga shekara guda kuma sai allocations familiales su karɓa, 1.500 F a wata kan kowane yaro, ana biya duk wata uku, har ya kai shekara 14, ko 18 in yana koyon sana'a, ko 21 in yana karatu. In aka tara na ciki da na haihuwa da na foyer, ɗan fari ya zo da jika 38 da rabi. Na wata-wata kuwa jika 18 ne a shekara, daga shekara 1 zuwa 14 ya kama 234.000 F kan yaro guda. Mai ƴaƴa biyar ya ninka da kansa.

Kuɗin nan ba sadaka ba ne, ba kuma alfarmar wani ba ce. Mai aiki yana zuba kashi 8,4 cikin ɗari na albashin kowane ma'aikaci a reshen iyali kaɗai, ban da na fansho da na haɗarin aiki. A kan albashin jika 42, wannan ya kama 3.528 F duk wata, wato a shekara kusan albashin wata guda cif. An zuba ne saboda kai. In ba ka je ka nema ba, ba wanda zai biyo ka gida da shi.

To ta ina ake asarar su? Ta hanyoyin da duk mun sani.

Ta farko kunya. Kashin farko na kuɗin ciki yana rataye ne da awon farko, cikin wata uku na farko. Mu kuwa a al'adarmu ciki ɓoye shi ake yi har sai ya fito da kansa, balle cikin fari, inda yarinya ko uwarta ba ta iya faɗa mawa. Sai ciki ya kai wata biyar ko shida a tafi awo. Kuɗin da aka rasa ma shi ne ƙaramar asara. A awon nan ne ake duba jini da hawan jini, a ba da ƙwayoyin ƙarin jini, daga baya a ba da maganin kariya daga zazzaɓin sauro da gidan sauro. Ba sai an yi shela a unguwa ba, sage-femme da miji kaɗai sun isa. Maigida, in ka ga alama, kai ne za ka ce a tashi a tafi, don ita ba za ta fara faɗa ba.

Ta biyu takardar aure. Mun ɗaura aure da fatiha gaban shaidu, ya ɗauru, ba mai musu. Amma Caisse ba ta halarci ɗaurin auren ba, acte de mariage ta sani. Akwai magidanta masu shekara goma da aure, da ƴaƴa huɗu, waɗanda a takarda har yau tuzurai ne. Ranar da suka tashi haɗa dossier sai su tarar sai sun fara da neman takardar auren, sannan ta kowane yaro, sai gwiwa ta yi sanyi su bari. Aure ma kwana 60 doka ta ba shi a kai sanarwarsa. Masu shirin angwancewa su riƙe wannan.

Ta uku ita ce mai zafi: mai aikin da bai rubuta ma'aikacinsa ba sam, ko ya rubuta shi amma ba ya zubawa. Wani har yana cire kashi 5,25 na fansho daga albashin ma'aikaci duk wata, kuɗin kuma ba su taɓa isa Caisse ba. Ba sai mun je nesa ba, a cikin sana'armu ta jarida akwai waɗanda suka yi shekaru suna magana a micro kan haƙƙin wasu, su kansu ba su da lambar Caisse. Direbobi, masu gadi, malaman lakwal masu zaman kansu, ƴan aikin gida, duk labarin guda ne. Mun san abin da ke hana mutum magana, tsoron kar a ce mashi ga ƙofa nan, akwai goma a waje suna jira. Tsoron na gaskiya ne, ba mu raina shi ba. Amma tambaya ba faɗa ba ce. Ka duba bulletin ɗinka, in kana samu, ko akwai lambarka a kai. Ka je biron Caisse na jaharku da katinka ka tambaya ko ana zuba maka. In ba a yi, inspection du travail don wannan aka kafa ta, kuma in ma'aikata suka je a ƙungiya ta hannun délégué ko sandika, ya fi wuya a ware mutum guda a kora.

Ma'aikatan gwamnati su ba ta Caisse nasu ke bi ba, cikin albashi yake fitowa. Sai dai su ma sai sun kai takardar haihuwar yaron inda ya dace kafin a ƙara shi. Yaron da ba a kai takardarsa ba, a wurin masu biyan albashi ba a haife shi ba.

Mace ma'aikaciya tana da ƙarin haƙƙi da ya kamata ta sani tun kafin cikin ya tsufa. Code du travail na 2012 ya ba ta hutun haihuwa na sati 14, takwas daga ciki bayan haihuwa, ana iya ƙara sati uku in likita ya tabbatar da rashin lafiya. Ba a korar ta saboda wannan hutu. Caisse na biyan ta rabin albashi a tsawon hutun. In ta koma aiki kuma tana da awa guda kowace rana ta shayarwa har yaro ya shekara. Mata nawa ne ke komawa aiki tun kafin arba'in, don an nuna masu cewa kujerarsu na rawa? Su kuma masu aikin, ai su ma mata ne suka haife su.

Yanzu wani zai ce, duk wannan dogon bayani a kan jika ɗaya da rabi? Gaskiya ne, ya yi kaɗan. 1.500 F a wata dala goma ke nan a rana, ko ƙosan kirki ba ta saye. Mutumin da ke aiki nesa da babban birnin jaha, in ya lissafa kuɗin mota da na photocopie da na légalisation da yinin aikin da zai rasa, yana iya ganin wahalar ta fi ribar. Wannan ƙorafi ne da ya kamata shugabannin Caisse da sandikoki su ji: a ɗaga kuɗin su yi daidai da tsadar rayuwa, a rage yawan takardun da ake nema duk shekara, a biya mutane ta waya tunda yau ko tsohuwa a ƙauye tana karɓar saƙon ɗanta daga Libiya ta Nita ko Amana. Amma ƙanƙantar abu ba dalilin barin shi ba ne. Jika 18 a shekara kuɗin kaye da biki da takalmin lakwal ne. Kuma dossier ɗin da ka buɗe yau saboda jariri, shi ne zai nuna maka tun da wuri ko ana zuba maka kuɗin fansho, maimakon ka gano ranar da ka kai shekara 60.

Duk abin da muka faɗa a sama, mun sani, bai shafi mafi yawan masu sauraronmu ba. Manomi, makiyayi, ɗan kabu-kabu, mai tebur, tela, mai tuyar ƙosai, ba su da Caisse. Shirin tallafin gwamnati na filets sociaux kuma ba abin da mutum ke zuwa ya nema don an yi mashi haihuwa ba ne, gidaje ake zaɓa a garuruwan da shirin ya shiga. Saboda haka duk wanda ya turo maka saƙo a WhatsApp cewa ana raba tallafin masu jego, ka aiko da jika biyu a rubuta sunanka, ɓarawo ne.

Amma su ma suna da haƙƙi, kuma ya fi na Caisse tsoka. Tun 2005 tiyatar haihuwa, césarienne, kyauta ce a likitocin gwamnati. Tun 2006 aka ce awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne. A watan Agusta 2024 majalisar ministoci ta ƙara da cewa haihuwa ita kanta ta zama kyauta, aka kuma rage kuɗin ganin likita da rabi, daga 1 ga Satumba. Allurar rigakafi kyauta ce: BCG da ɗigon shan inna tun haihuwa, sai a sati 6, sati 10, sati 14, sai ta ƙyanda da shawara a wata tara. Kowa ya san tsakanin takarda da abin da ake tararwa akwai tazara. Shekaru da dama gwamnati na jinkirin mayar ma likitoci kuɗin wannan gratuité, farmasin CSI ta wayi gari babu magani, a rubuto maka ka sayo a waje. Shi ya sa muke cewa abu biyu. Ka san abin da yake kyauta, in an ce ka biya ka tambaya cikin ladabi na mine ne, ka nemi reçu. Kuma ka ajiye wani abu don ranar da maganin bai samu ba. Kuɗin rago na biyu, in an bar shi, ya isa wannan ajiya. Karnen awo da na rigakafi kuma a sa su cikin leda a adana, kar a bar su ƙarƙashin katifa fitsari ya cinye.

Wajen ajiya ba sai an koya mana daga waje ba. Tsarin Mata Masu Dubara a jahar Maraɗi aka fara shi a 1991, tare da ƙungiyar CARE, yau ƙasashe da dama na Afirka da Asiya suna kwaikwayon shi. Mata su taru duk sati, kowace ta zuba abin da aka yi alkawari cikin akwati, mai buƙata ta ranta ta mayar, in zagaye ya cika a fasa a raba. Bambancinsa da adashe shi ne ba sai kin jira kwasarki ta zo ba, ciwon yaro kuwa ba ya jiran kwasa. Mai ciki da ta shiga asusu tun da wuri, ranar haihuwa tana da inda za ta dafa ba tare da ta sai da kwanoninta ba. Maza ma da ke zaman fada suna shan shayi har tsakar dare, mi zai hana su yi irin nasu?

Akwai kuma ajiyar kakanni, wadda muke ganin har yau ba a yi wadda ta fi ta ba ga mutumin karkara: dabba da sunan yaro. Jar akuyar Maraɗi wata biyar take ɗaukar ciki, tagwaye ba baƙon abu ba ne gare ta, ga nono. In daga cikin kuɗin barka aka cire aka sayi ƴar akuya guda aka ce ta jariri ce, kafin ya shiga CI ya zama mai ɗan garke. Sharaɗin kawai shi ne uba ya cire idonsa daga kanta. Kawunnai da gwaggonnin da ke aiko da barka daga Abijan ko Aljeriya su ma suna iya cewa kuɗin nan na akuya ne, ba na lemu ba.

Wani wurin da kuɗi ke zurarewa a birane shi ne madarar gwangwani. Ta zama kamar alamar wayewa, har ana kawo ta cikin kayan barka. Likitoci sun daɗe suna faɗa: nonon uwa zalla har wata shida, ko ruwa ba a ƙarawa, duk zafin watan Afrilu. In ba likita ne ya ce a ba da madara don wani dalili ba, gwangwanin nan kuɗi ne ake kashewa a sayo zawo, musamman inda ruwa da biberon ba su da tsabta. Kuɗin madarar a ba uwa ta ci. Nan ne ma ya kamata naman suna ya tafi. Sau da yawa baƙi su ci su yi guzuri, mai jego da ta zubar da jini a bar ta da kunun kanwa da ƙafar rago. Ita kanwar ma da wankan tafasasshen ruwa na kwana arba'in, likitocin zuciya sun daɗe suna gargaɗi a kan yawansu, ga kuɗin itace. A sassauta.

Mu koma kan takardar haihuwa, don duk abin da muka lissafa ita ce mabuɗinsa. Ba ita, ba dossier a Caisse, ba ƙari a albashi. Gaba kuma ba jarrabawar BEPC, ba certificat de nationalité, ba katin ɗan ƙasa, ba fasfo. Iyayenmu da yawa "né vers" ke rubuce a takardunsu, wasunmu kuma duk ranar 1 ga Janairu aka haife mu, don jugement ne aka yi mana daf da jarrabawa. Su suna da uzuri, a gida aka haife su, biro na nesa. Yau kuwa maternité da CSI wuraren kai sanarwa ne, ƙauyuka da dama ma suna da nasu wurin a hannun mai gari.

Inda abin ke kuɓucewa shi ne nan: mace ta haihu yau, gobe an sallame ta, yaro kuwa sai ranar bakwai zai samu suna. Sai a ce ma uba ya dawo da sunan bayan an raɗa. Ranar bakwai yana fama da baƙi, ta takwas yana mayar da kujeru da tukwane, ta tara masu bin bashi sun fara sallama. Kwana 60 su wuce kamar yau. Wani kuma ya kai sunan amma bai koma mairie ya karɓi takardar ba, tana can cikin tari shekara da shekaru. In za a je, a tafi da katin uba da na uwa, a tsaya a duba yadda aka rubuta kowane suna harafi bayan harafi. Mahamadou da Mamadou da Mohamed a wurinmu mutum guda ne, a wurin gwamnati mutum uku ne, gyaran kuma sai an koma gaban alƙali.

Da limamai za su riƙa ƙara kalma guda bayan fatihar suna, su ce ma uban yaro gobe ka kai sunan nan inda aka haihu, da masu unguwa za su riƙa tambaya in sun zo barka, da an rage aikin audiences foraines da alƙalai ke fita yi ƙauye-ƙauye don yi ma yara jugement. Mu ma a gidajen rediyo muna da namu rabo. Duk wanda ya kawo sanarwar suna, mai karɓar kuɗi a guichet na iya tambayar shi ranar da aka haihu, ya ƙirga mashi kwana 60, ya rubuta ranar ƙarshe a bayan reçu ɗinsa.